Kirsimetin marayu a Gadarif: yadda muke shirya shi daga girbin riɗi har ziyarar Janairu

Tun da Oktoba ya kama wayata ba ta huta ba. 'Yan'uwa daga Kasala, Kosti, Damazin da Bur Sudan, har da masu aiki a Jidda da Riyad da ke turo mana gudummawa, tambaya ɗaya suke yi: "Mama, yaya kuke shirya wa marayu Kirsimeti? Daga ina ake farawa, me ake saya, nawa ake kashewa?" Saƙon murya ba ya ɗaukar amsar, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu Kirista masu jin Hausa 'yan kaɗan ne a garin nan na Gadarif, a gabashin Sudan. Yawancin Hausawan Gadarif Musulmi ne, da su muke makwabtaka, da su muke kasuwa. Sujada kuwa da Larabci muke yi tare da 'yan'uwa daga Duwatsun Nuba da Sudan ta Kudu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, sannan Wad Madani ta faɗi ana saura mako guda Kirsimetin shekarar, Sinja ta biyo baya a 2024, yaran da ba su da uwa ko uba suka yi yawa a ikilisiyarmu fiye da yadda muka taɓa gani. Abin da muke nema a duk matakan da ke ƙasa guda ne: yaron nan ya yi biki kamar kowane ɗa, a cikin gida, cikin sa'o'insa, ba a tsayar da shi gaban jama'a ana nuna shi ba.

1. Ku kafa kwamiti tun ana yankan riɗi

Oktoba ne lokacin farawa, sa'ad da kuɗin riɗi suka fara shiga hannun mutane. Wanda ya bari sai Disamba zai tarar tela ya cika da aiki, rago ya hau. Mutum biyar sun isa: shugaba, ma'aji biyu, mai rubutu da ya iya Larabci sosai, da mutum ɗaya daga cikin al'ummar yaran, wanda ke jin yarensu. Mata su fi yawa, don su ne ke shiga har ƙuryar ɗaki. A sanar da sunayensu a gaban ikilisiya, Baba Fasto ya yi musu addu'a.

Hattara: kada kuɗi su shiga Bankak, wato asusun banki na waya, na mutum ɗaya ba tare da ma'aji na biyu ya ga saƙon shigarsu ya rubuta a littafi ba. Ba zargi ba ne, kare sunan mai riƙon kuɗin ne.

2. Ku bi gida-gida ku rubuta yaran

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane yaro shafinsa. Ku fita biyu-biyu ranar Juma'a da la'asar ko Asabar, tunda Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan. In kun shiga, ku fara gaida haboba, wato kakar gidan, ku zauna inda aka shimfiɗa muku, ku sha shayin da aka kawo ko da kun san sukarin ƙarshe ne aka zuba. Littafin ya tsaya a jaka sai an gama gaisuwa.

Abin da za ku rubuta: sunan yaro da shekarunsa, wanda ke riƙe da shi da dangantakarsu, inda suke kwana, ko yana zuwa makaranta, ciwon da yake fama da shi, ɗarikarsu, da yaren da ya fi ji. Sai awo: tsawon riga, faɗin kafaɗa, ƙugu. Na takalmi kuwa ku sa ya taka farar takarda a tsaye, ku zagaye ƙafar da biro, ku rubuta sunansa a tsakiya. Lambar takalmi da aka faɗa da baki ba ta cika yin daidai ba, takardar nan ita za ku kai kasuwa.

Hattara: kada a tambayi yaro yadda iyayensa suka mutu. In akwai buƙatar sani, a ja mai riƙonsa gefe a tambaye ta, yaron ba ya wurin.

Ku kuma bambance yaran. Akwai maraya na ainihi. Akwai wanda gudu ya raba da iyayensa, ba wanda ya ga gawarsu. Wannan kada a rubuta masa "maraya", kada kuma a kira shi haka yana ji. A kai sunansa ga Hilal Ahmar (Red Crescent) ta Sudan ko ƙungiyar Red Cross, suna da sashen neman dangin da suka ɓace. Akwai kuma gidan da yarinya 'yar shekara 14 ita ce uwa ita ce uba ga ƙannenta. Irin wannan gida ya hau saman littafi.

Abin da na fi so ku riƙe a wannan mataki: ku ƙirga duk yaran da ke cin tukunya ɗaya. In haboba tana riƙe da marayu biyu, ga kuma jikokinta uku masu iyaye a raye, to biyar za ku rubuta. In kuka ɗinka wa biyu kuka bar uku, bayan kun fita marayun ne za su ɗanɗana kuɗarsu, da harara da gori, wani lokaci har a ƙwace rigar. Gara ku rage yawan gidaje da ku raba kan gida ɗaya.

Ku karɓo zaren awon damtse daga asibitin unguwa. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 in awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ranar za a kai shi asibiti, ba a jiran biki. Haka wanda ya daɗe yana zazzaɓi, cikinsa ya kumbura yana ramewa: yankin nan yana da cutar kala'azar, likita ne zai gwada.

Za ku haɗu da marayun makwabtanmu Musulmi a tsakar gida ɗaya ko a aji ɗaya na makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Ɗa na kowa ne. A rubuta su, a miƙa rabonsu ta hannun masu riƙonsu, ba sharaɗi, ba a ce sai sun zo coci ba.

3. Ku sanar da hukuma

Baba Fasto ya rubuta wasiƙa da Larabci, da hatimin ikilisiya: ranar taro, wuri, yawan mutane, lokacin tashi. Kofi ɗaya ga kwamitin unguwa, ɗaya ga mai kula da wurin da 'yan gudun hijira ke zaune in za a ɗauko yara daga can, ɗaya ya zauna a jakar shugabar kwamiti. Tun 2019 aka mayar da 25 ga Disamba ranar hutu a Sudan, amma lokacin yaƙi ne, ana sa dokar hana fita da dare, ana kuma sa ido a kan taro. Ku tsara komai ya ƙare kafin la'asar ta yi sanyi.

Hattara: duk shekara sai an sami mai zuciyar kirki da zai ce shi zai ɗauki yaro ɗaya ya zama ɗansa. Dokar Sudan ba ta san ɗaukar ɗa a sauya masa sunan uba ba. Abin da ta sani shi ne kafala, riƙo ta hannun ofishin jin daɗin jama'a na jiha, akwai kuma Dokar Yara ta 2010. Kwamiti ba shi da ikon ba wa kowa yaro, balle a tsallaka iyaka da shi. Mai wannan niyya a raka shi ofishin.

4. Tara gudummawa da raba ta

Gadarif rumbun Sudan ce, ku yi amfani da wannan. A Lahadin godiya ta girbi, cikin Nuwamba, muna karanta Maimaitawar Shari'a 24:19, inda aka ce damin da aka manta a gona na baƙo ne da maraya da gwauruwa, sannan mu roƙi kaya, ba kuɗi kaɗai ba. Wanda zai ji nauyin ba da jinai, kuɗin Sudan, zai kawo malwa (mudun awo na nan) biyu ta dawa da fara'a. Mai riɗi ya kawo riɗi, a kai injin matsa mai. Mai raksha, keke mai ƙafa uku, ya yi alkawarin sawu biyu ranar biki. Mai gawayi, mai ruwa, mai keken ɗinki, kowa a rubuta abin da ya ɗauka.

Kuɗin da suka zo daga 'yan'uwa na waje kada su kwana uku a asusu. Darajar jinai tana zubewa, abin da zai sayi buhun sukari yau ba zai saya ba bayan mako biyu. Shi ya sa ba na rubuta muku farashi da jinai, zai tsufa kafin ku karanta. Ga yadda muke raba kowane jinai goma da ya shigo: huɗu tufafi da takalma, uku abinci, ɗaya ruwa da gawayi da kuɗin raksha, biyu a ajiye wa Janairu. Biyun nan su ma a mayar da su kaya, littattafan rubutu da biro da sabulu, a kulle a ɗakin ajiyar coci.

Hattara: ranar 23 ga wata za a zo a ce nama ba zai isa ba, a taɓa rabon Janairu. Kada ku yarda. A rage nama.

Masu turo kuɗi daga Saudiyya da Najeriya sun cancanci lissafi. A ɗauki hoton rasit da hoton kayan a tura musu. Hoton fuskar yaro kuwa a'a, zan dawo kan wannan.

5. Ɗinki da takalma

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a Arewacin Najeriya ya san abin da kayan Kirsimeti suke a zuciyar yaro: yadda ake ɓoye su a ƙasan akwati, a ciro a shinshina a mayar. Don haka nan ne muke kashe kaso mafi girma, nan ne kuma muka yi kuskurenmu mafi ciwo.

Shekarar farko mun sayi bandir ɗaya na yadi shuɗi mai furanni, don ya fi araha, muka yi wa yara duka anko. Ranar biki sun yi kyau, muka jera su a gaba, aka tafa. Bayan mako uku na je ziyara wani gida, na tarar da yarinya 'yar shekara 9 cikin tsohuwar rigarta mai yage a hammata. Na ce, "'Yata, ina sabuwar?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Kakarta ce ta ɗaga katifa ta nuna mini rigar a ninke, ko wanki ɗaya ba a yi mata ba. Ta ce, "Ya bitti, yaran unguwa sun sa mata suna, rigar marayu suke ce mata." Tun daga ranar ba mu ƙara yi wa marayu anko su kaɗai ba. In za a yi anko, duk 'yan makarantar Lahadi za a yi wa, har 'ya'yan Fasto. In kuɗi ba su kai ba, a sayi yadi kala biyar ko shida a gauraya.

Yawan yadi: ƙasa da shekara 6, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, shekara 7 zuwa 12, mita biyu da rabi zuwa uku, 'yan mata da suka fara girma mita huɗu, da ɗankwali ko mayafi. Auduga za ku saya, mai jure wanki. A gaya wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasa da hannu, yadda za a kwance a ƙara tsawo baɗi. Yara maza da suka wuce shekara 10 galibi sun fi son wando da riga na kanti, a tambaye su.

Yadi ya isa hannun tela kafin 15 ga Nuwamba, a karɓi ɗinki kafin 10 ga Disamba, don a sami kwanakin gyara. Ku raba aikin ga teloli biyu ko uku, ku nemi mai keken ƙafa, saboda wuta tana iya ɗaukewa kwana da kwanaki. Rabin kuɗi a farko, rabi ranar karɓa. Kowace riga a maƙala mata takarda mai sunan yaro da fil.

Takalmi a ƙara faɗin yatsa ɗaya a kan zanen ƙafar. Sandal mai maɗauri ya fi silifa, ya kuma fi takalmin ado da ba za a je makaranta da shi ba. Kada a manta da kamfai biyu-biyu, da audugar mata ga 'yan matan da suka isa, wadda mace za ta miƙa a keɓe. Daren Disamba yana da sanyi ga mai kwana a aji ba taga, in da hali a ƙara bargo ɗaya da gidan sauro ga kowane gida.

Hattara: kada a raba kaya a coci. Ranar 22 ko 23 a kai kowane ƙulli gidansa, a danƙa wa mai riƙo, ita za ta ba yaron da hannunta. Ita ce ke tashi da shi tsakar dare in yana zazzaɓi, kada mu zo rana ɗaya mu ƙwace mata godiyarsa. Gwanjo ba laifi ba ne in mai kyau ne, an wanke an goge, amma abin da ba za ki sa wa ɗanki ranar Kirsimeti ba kada ya shiga ƙullin.

6. Cefane

Ga lissafinmu na baki 60, yara 40 da manya 20: shinkafa kilo 10, rago matsakaici ɗaya, mai lita 5, albasa malwa 2, manyan gwangwanin tumatir 4, fulawa kilo 5 ta cincin, sukari ratal 12, karkade (zobo) ratal 2, gawayi buhu ɗaya, ruwa barmil (ganga) 3, sabulu sanda 6. Ratal ya kusa rabin kilo. Duk abin da ba ya lalacewa a saye shi cikin Nuwamba. Ragon a saya tun farkon Disamba a ɗaure a gidan wani ɗan'uwa mai harawa.

Shinkafa dafa-duka da cincin al'adarmu ce ta gida, amma yaron da ya tashi da kisra (gurasar dawa mai falle-falle) da asida (tuwon nan) ba ya jin ya ci abinci sai ya gan su. Muna yin biyun: dafa-duka a tukunya ɗaya, asida da miyar waika (busasshiyar kuɓewa) a ɗaya. Barkono a ajiye shi gefe, bakinsu bai saba da yajinmu ba. In nama ya yi saura, a kira mai agashe, tsiren nan, ya gasa, ba yaron Sudan da ba ya murna da shi. Cincin da habiz (biskit na gida) a yi su kwana uku kafin biki, a sa manyan 'yan matan cikin masu murzawa da yankawa. Rabin daɗin Kirsimeti a wurin suyar nan yake.

Yanka kuwa mahauci Musulmi muke kira, kamar yadda iyayenmu ke yi a gida, don makwabta su ci ba shakka. Su ne ke ara mana manyan tukwanen biki da sinya (babban tire), mu kuma kwanon farko da aka zuba nasu ne, yara su kai gida-gida kafin a zauna ci.

7. Ruwa da tsabta

Kwalara ta yi ɓarna a jihar nan da Kasala tun 2024, ruwan Gadarif kuma galibi a karo, amalanken jaki, ake sayensa, ba ka san inda aka ɗebo ba. Ruwan sha da na karkade a tafasa shi tun daren 24, ko a sa ƙwayar kulorin ta asibiti yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Ƙanƙarar kasuwa kada ta shiga zobo. A sa shi a randa ya yi sanyi. Ɗanyen salak a haƙura da shi. A ƙofar shiga a tsayar da matasa biyu da buta da sabulu, ana zuba wa kowa yana wankewa, ba a tsoma hannu a roba ɗaya ba. Abinci a ci shi da zafinsa.

A jakar kwamiti a sa farasitamol na yara, filasta, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Hattara: yaron da ya daɗe yana cin abinci sau ɗaya a rana, in aka cika masa ciki da nama da mai lokaci guda, amai da gudawa ne za su biyo. A zuba kaɗan, a ce akwai ƙari, a kuma cika alkawarin.

8. Ranar kanta

Raksha ta fara ɗauko na nesa da ƙarfe 7, kowane sawu da babba ɗaya da littafin sunaye. Da isowa a ba su shayi da madara da zalabiya (irin fanke), kada yaro ya zauna sujada da yunwa. Su zauna a gauraye da sauran yara, ba benci na dabam. A roƙi mai wa'azi da mai sanarwa tun kafin ranar: ba "marayu su miƙe tsaye", ba kiran suna, ba ba da labarin wani yaro daga bagade. In za a gode wa masu bayarwa, a gode a dunƙule.

Wasan haihuwar Yesu a fara koyonsa tun farkon Disamba, daga Luka sura 2 da Matiyu sura 2, a ba su manyan matsayi: Maryamu, Yusufu, mala'ika, makiyaya. Wurin da Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka gudu Masar, za ku ga coci ta yi tsit, domin kusan kowa a ɗakin ya yi irin tafiyar nan da ƙafarsa. Waƙoƙi a yi da Larabci, da Hausa, da yaren yaran, ko da baiti ɗaya ne.

Hattara: a cire wurin da sojojin Hirudus ke kashe jarirai, mai karatu ya wuce shi da jimla ɗaya. Ba bindigar wasa, ba abin fashewa, ba balan-balan. Ƙarar fashewar balan-balan ɗaya ta isa ta tura yaron da ya fito daga Hartum ƙarƙashin benci. In yaro ya fashe da kuka ana tsakar murna, mace ɗaya ta fita da shi inuwa ta zauna kusa da shi. Ba a ce masa "yi shiru, yau ranar farin ciki ce." Ranar biki ce aka fi tuna uwa.

Wajen ci, sinya ɗaya yara biyar ko shida masu kusan shekaru ɗaya, da babba ɗaya da zai raba nama da hannunsa. Wata shekara na lura da wani yaro, bai fi shekara 7 ba, aljihun sabuwar rigarsa ya jiƙe da mai. Na durƙusa na ce, "Ɗana, me ka sa a nan?" Ya dafe aljihun da hannu biyu ya ce, "Hala, na ƙanwata ne, ba ta da lafiya, ba ta zo ba." Ko tsoka ɗaya bai ci ba. Yanzu kafin a buɗe tukunya muna zuba rabon waɗanda suka rage a gida cikin kwanuka masu murfi, mu jera su inda yara ke gani, mu faɗa da ƙarfi cewa na 'yan gida yana nan.

Waya kuwa a aljihu. Ba a ɗaukar hoton yaro yana karɓa ko yana ci, ba a sa fuskarsa a Facebook ko WhatsApp don neman taimako. Hoto ɗaya na dukan makarantar Lahadi ya isa, da yardar masu riƙo. Ba babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai a ɗaki ko a raksha, ko wane ne shi. Kullum manya biyu. Kafin tashi a kira suna daga littafi, a mayar da kowa hannun wanda aka karɓo shi, tare da ƙullin gida: dawa, adas (wani ƙaramin wake), mai, sukari da sabulu.

9. Ku haɗa kowane gida da wani gida

Wannan ne matakin da na fi ba wa muhimmanci, kuma ba ya cin ko jinai ɗaya na kwamiti. Zabura 68 ta kira Allah uban marayu, ta ce yakan sa masu kaɗaici cikin iyali. Tun Nuwamba muke neman iyalai a ikilisiya da za su karɓi gida ɗaya daga littafin. Washegarin Kirsimeti su gayyace su cin abincin rana, yaran da mai riƙonsu gaba ɗaya, daga nan kuma zumunci ya ɗore: leƙawa sau ɗaya a wata, tambayar makaranta, rakiya asibiti.

A zaɓi gidan da ke kusa, wanda za a iya zuwa da ƙafa. Ba a raba wa da ƙani. Ba kwana sai da mai riƙo. Yarinya ba 'yar aiki ba ce. In za ta wanke kwano, tare da 'ya'yan gidan za ta wanke.

Hattara: kada baki ya riga hannu. "Zan sa ka a makarantar kuɗi", "zan tafi da ke Najeriya", irin maganar nan babba yana mantawa kafin ya kai gida, yaro kuwa zai riƙe ta shekara guda yana leƙen ƙofa. Abin da ba ku da tabbacin yi, kada ku furta.

10. Masu biki ranar 7 ga Janairu

Kibɗawa da 'yan Otodoks na Habasha da Iritiriya sai 7 ga Janairu suke Kirsimeti, kuma jihar nan tana da su da yawa, musamman tun da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba a 2020. Ranar 25 ga Disamba suna cikin azumin kwana 43, ba nama, ba madara, ba ƙwai. In yaransu na cikin littafinku, ku tambayi mai riƙo ko yaron yana azumi, a dafa musu waken ful ko adas a tukunya dabam. Kayansu a kai ranar 5 ga Janairu. Rabon namansu a ba su kuɗin kaza su yanka da kansu, domin yawancin 'yan Otodoks na Habasha ba sa cin yankan da ba na Kirista ba.

11. Lissafi da ziyarar Janairu

Lahadin farko bayan biki ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban ikilisiya, a manna kofi a bango, a tura wa na waje. Tukwanen aro a mayar da su a wanke, da ɗan cincin a ciki.

Mako na biyu na Janairu waɗanda suka yi zagayen farko su sake bin gidajen, da littafin nan dai, da kayan da aka kulle tun Nuwamba. Yaƙi ya hargitsa kalandar karatu, makarantu da yawa sun zama masauki, don haka a je wurin shugaban makarantar da ke kusa a ji ranar komawa da abin da ake nema. A duba wanda takardar haihuwarsa ta ɓace a gudu, a raka mai riƙonsa ofishin rajista, domin za a neme ta wajen jarrabawa. Wanda aka kai asibiti a Oktoba a sake auna damtsensa. Gidan da ya tashi a tambayi makwabta inda suka nufa, a kira ikilisiyar can a ba su sunayen. A ƙasan kowane shafi a rubuta ranar ziyara ta gaba da sunan wadda za ta je.

Ku tafi da allura da zare da 'yan maɓallai a jaka. Zuwa lokacin an yi wa rigunan wanki uku ko huɗu, za ku tarar wani maɓalli ya fita, wata kalmasa ta kwance, sai ku zauna a tabarma ku gyara kuna hira da haboba.